Hannun Hagu na Iya Wane-Iri

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa asibitinmu, ta ƙaramar ƙofar nan da ke kusa da famfo. Babbar ƙofa, in ji ta, ta masu mota ce da masu ciwo, ita kuwa Allah ya raba ta da duka biyun. Za ta gaida mai gadi, ta tambaye shi ƙafarsa, ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ɗakin ajiya, ta ɗauki tsintsiya. Ɗakin likita take fara sharewa, sai ofishinmu na masu jinya, sai baranda. In ta gama ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, kamar mai shirin shiga ɗakin tiyata. Daga nan sai ta jawo wata 'yar gajeriyar kujera ta katako, ta ajiye ta tsakanin teburin likita da kujerar mara lafiya, ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Abu uku ne a jakar: wani tsohon ƙamus na Turanci da ya daɗe da rabuwa da bangonsa, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da ɗan farin tawul a ninke. Shekara talatin da ɗaya haka take yi, har ƙarshen watan jiya da ta ajiye aiki.

A takarda mai shara ce. A bakin mutanen gari kuwa ita ce tafintar asibiti, kuma ba wanda ke kiranta da sunan yanka sai mai rubuta sunayen ma'aikata. Kowa Iya Wane-Iri yake ce mata.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha tara a wannan asibiti, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya saurin yabon mutum. Yau dai zan yaba. Ina kuma da wani laifi a wuyana game da matar nan, wanda na ɓoye mata shekara tara ina tsoron ranar da za ta ji ta daina kallona da idon da take kallona. Shi ma zan faɗe shi a gaban kowa kafin in ajiye alƙalami.

Asibitinmu ƙarami ne, likitocin da ake turo mana kuwa kusan dukansu ba sa jin Hausa. Su zo su yi shekara ɗaya ko biyu, su koyi "sannu" da "ina kwana", da zarar sun fara gane "da sauƙi" sai a ɗauke su a kawo wani. Saboda haka kullum sai an sami mai tsayawa tsakanin likita da mara lafiya. Kalmar da ta fi kowace fitowa daga bakin likita kuwa ita ce *pain*. Mu da muka yi makaranta, da mun ji ta sai mu juya mu ce, "Ina ke maka ciwo?" Mutum ya nuna wurin, mu mayar wa likita kalmarsa yadda ya ba mu ita, a rubuta magani, na gaba ya shigo. Iya ba ta taɓa yarda da wannan cinikin ba. Sai ta karkata kai ta dubi mara lafiya ta ce, "Na ji ciwo ne. Amma wane iri?" Daga nan sunan ya bi ta.

Karatunta bai wuce firamare ba. Turancinta a gidan wasu malamai baƙi ta same shi, inda ta yi raino tana budurwa. Da ta kama shara a nan, wata likita ta lura tana jin abin da ake faɗa, ta riƙa kiranta in an rasa mai fassara. Ranar da likitar za ta tafi, ita ta bar mata ƙamus ɗin. Iya ta taɓa buɗe mini shafin da kalmar nan take. Duk littafin ya tsufa, amma wannan shafin ya yi baƙi ƙirin saboda shafar yatsa.

"Duba nan, Sista," ta ce. "Kalma ɗaya, ɗaki huɗu. Ga ciwon jiki. Ga baƙin cikin zuciya. Ga wahalar da mutum ke sha don aiki ya yi kyau. Na huɗun kuma mutum ne mai takura wa jama'a." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Wannan ke ce, ranar Litinin da safe."

A ƙasan waɗannan ma'anoni akwai jerin 'yan'uwan kalmar, sun fi goma. Iya ta ce da farko ta zaci Turanci talaka ne, riga ɗaya gare shi yana ta yawo da ita. Ashe yana da kaya a akwati, mu ne ba ma buɗewa. Sai ta sa likitoci a gaba. Duk sabon da aka kawo, cikin makonsa na farko sai ta tare shi a baranda, tsintsiya a hammata, ƙamus a buɗe, ta ce ya bambance mata wannan da wannan. Abin da ta samu ta rubuta a littafinta, Hausa a hagu, Turanci a dama. Zogi daban, raɗaɗi daban. Akwai sara, irin na kai. Akwai suka, akwai murɗa, akwai ƙuna, akwai tsami irin na gaɓoɓi, akwai cizo, akwai nauyi, akwai wanda ke tsargawa daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. Ranar ƙarshe da na leƙa littafin sun kai arba'in da shida, kowace da abokiyar zamanta, wasu kuma an soke an sake, an kuma sokewa.

Amma ba littafin ne ya sa nake mamakin matar nan ba. Mutanenmu ba su iya faɗin ciwo ba. Tambayi dattijo yana haɗa gumi, ya ce maka alhamdulillahi. Tambayi mace tana riƙe da ciki, ta dubi mijinta ta ce ba komai. Wanda ma ya so faɗa, kalmar ta ɓace masa. Iya ta gane haka tun da wuri, sai ta samo hanyarta. Takan naɗe hannun rigarta na hagu, ta shimfiɗa farin tawul ɗin nan a kan damtsenta har zuwa wuyan hannu, ta miƙa wa mara lafiya.

"Bar magana," takan ce. "Yi mini shi a nan. Yadda yake yi maka, haka za ka yi mini. Kada ka ji tausayina."

Sai ka ga mutum ya yi jim, ya yi 'yar dariyar kunya, sannan ya miƙa hannu. Wani ya mintsine ta. Wani ya riƙa dannawa yana saki, yana dannawa yana saki. Wata ta kafa ɗan yatsa ɗaya kamar mai soka allura. Wani ya kama da hannu biyu ya murɗa kamar mai matse wanki. Iya ta rufe ido ta saurara da fatarta, sannan ta buɗe ta juya wurin likita ta ba shi kalma ɗaya ko biyu, waɗanda suka dace. In wani malami ya ce shi ba zai taɓa hannun mace ba, ba ta musu da shi, sai ta nannaɗe tawul ɗin ya yi kauri ta ba shi, ta zuba wa yatsunsa ido.

Iya, ke ce mai ba da hannunki aro. Ban san wani ma'aikaci a ko'ina ba da yake karɓar ciwon mutane a jikinsa don kawai ya faɗe shi daidai.

Direban motar asibiti yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Wani mahauci ne aka kawo, ƙato, yana birgima da ciwon gefen ciki. Iya ta miƙa masa hannu ta ce kada ya ji tausayinta, shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Ya kama damtsen nan daga sama ya matse, ya saki, ya sauko ƙasa kaɗan ya sake matsewa, yana sauka yana matsewa. Direba ya rantse ya ji ƙashi ya yi ƙara. Iya ba ta janye ba sai da ya kai wuyan hannu. Ta ce wa likita ciwon zuwa yake yana tafiya, kuma gangarowa yake daga baya zuwa mara. Aka duba, tsakuwa ce a hanyar fitsari. Mako guda hannunta na ɗaure. Da muka je yi mata sannu ta ce, "Daga yau mahauta da maƙera a jikin matashin kai za su riƙa yi mini bayani." Ba ta cika wannan alkawari ba, na ga maƙeri a hannunta bayan wata biyu.

Wani likita da muke kira Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa da mu, ya gaya mini wani da bakinsa. Magini ne ya zo da ciwon kai, kuma ciwon kai a asibitinmu ƙwaya biyu ne da "Allah ya sawwaƙe". Iya ta miƙa hannu. Mutumin bai danna ba, bai murɗa ba. Ya dunƙule hannu ya kai mata duka guda ɗaya tak, ya ce, "Haka ya faɗo mini, ina tsaye a kan tsani." Iya ta ce wa Dogo wannan ba sara ba ne irin na kullum, bugu ɗaya ne, farat ɗaya, bai taɓa jin irinsa ba. Dogo ya ce da ya ji haka tsigar jikinsa ta tashi. Nan take ya tura shi babban asibiti, aka tarar jijiya ce ta fara yoyo a kansa. Maginin nan shi ya yi mana sabon dakalin baranda bara.

Akwai kuma wadda ni na gani da idona. Wata mata ce, ba ta wuce arba'in ba, duk mako sai ta zo da ciwon ƙirji. An yi hoto, an ɗibi jini, an gwada zuciya, komai lafiya lau. Mun fara gajiya da ita, ni kam har na fara ɗaure mata fuska tun daga layi. Ranar da ta zauna gaban Iya aka miƙa mata hannu, ba ta mintsina ba, ba ta danna ba. Ta riƙe hannun da tafukanta biyu, a hankali, ta sunkuya ta ɗora goshinta a kai. Iya ba ta motsa ba, ta bar ta har tawul ya jiƙe. Can ta ce, "Wa kika rasa, 'yata?" Ashe mijinta ne, wata biyar ke nan, ga yara ga dangin miji, ba ta sami ko kusurwar da za ta yi kuka ba. Iya ta buɗe ƙamus ta nuna wa likita ma'ana ta biyu da ɗan yatsa. Likitan ya ajiye biro, ya ce a ba matar duk lokacin da take so. Ni kuwa na fita na tsaya a bayan ƙofa, kunya ta ishe ni.

To, duk wannan aiki yana cin lokaci, kuma a nan laifina ya shigo.

Shekara tara da suka wuce aka kawo mana sabon shugaba, mai son a ga aiki na gudu. Ya ce ƙarfe ɗaya na rana ya zama ba kowa a baranda. Ni ce mai kula da layi. Ni ake zagi in rana ta take, ni ake nuna wa agogo, ni shugaba ke kira yana tambayar me ya tsayar da mutane. Me ya tsayar da su kuwa in ba Iya ba? Abin da zan gama a minti uku, ita sai ta kai goma sha biyar tana "wane iri, wane iri". Wata Laraba kaina ya ɗau zafi. Na shiga ofis na rufe ƙofa na rubuta wa shugaba takarda. Na ce mai shara ba ta da hurumin zama a ɗakin likita, ba ta da takardar shaidar komai, tana ɓata lokaci da wasan yara. Ta farko ba ta yi mini daɗi ba, na yaga na jefa a kwando, na sake wata da Turanci mai kyau. Na roƙi kada a faɗi wanda ya rubuta.

Ranar Litinin aka mayar da Iya ɗakin wanki, can bayan asibiti, aka ce kada a sake ganinta a ɗakin likita. Ta ɗauki jakarta, ta ɗauki 'yar kujerarta, ta wuce. Da safe ta yi shararta, ta gaishe ni kamar kullum, ta tafi wurin zannuwa. Fassara ta dawo hannuna. Layi kuwa ya yi gudu, sha biyu da rabi baranda ta zama fayau. Shugaba ya yabe ni a gaban taro, ni kuma har da gyara zaman hula.

Wata huɗu ana haka. Ran nan da hantsi, wajen ƙarfe goma, sai ga ƙanwata ta shigo riƙe da mahaifinmu. Baba tela ne, mutum ne da allurar keke ta taɓa huda masa ɗan yatsa ya zare ta ya ci gaba da ɗinki. Ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Yana zufa, fuskarsa ta yi wani iri, amma yana murmushi.

"Baba, me ya faru?"

"Ba komai, uwata. Ɗan ciki ne. Wannan ce ta matsa sai mun zo, ga ɗinkin mutane na bari."

Ya daɗe yana fama da olsa, kowa a gida ya sani. Na shigar da shi gaban likita ba tare da layi ba, wani sabon saurayi da bai fi wata biyu da zuwa ba. Likita ya tambaya, na tambayi Baba, ya shafa saman cikinsa. Na mayar wa likita kalmar nan guda ɗaya, na ƙara masa da tarihin olsa. Ya danna cikin, ya rubuta farin maganin nan na ruwa da ƙwayoyi, ya ce a kai shi gida ya huta. Duka-duka minti huɗu. Har na ji daɗin yadda na iya aiki.

Muna zaune a bencin da ke gaban tagar ba da magani sai ga Iya ta ɓullo daga bayan gini, ta rungumo tulin tawul da ta kwaso daga igiya. Ta rage tafiya ta gaida Baba. Sai ta tsaya. Ta dubi goshinsa, ta dubi yadda ya dafe benci da hannu ɗaya. Ta sauke kayan a ƙasa, wankin da ta sha wahalarsa, ta tsuguna a gabansa.

"Malam, sannu. Wane iri ne?"

Na ce, "Iya, an riga an gan shi. Olsarsa ce."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Sista, je ki ɗebo masa ruwa. Ke ma 'yan mata bi ta."

"Ga ruwa nan a jakata."

"Na can nake so, na famfon ƙofa."

Raina ya ɓaci, amma a gaban Baba ba zan yi musu da babba ba. Na ja ƙanwata muka tafi, sai dai ban kai famfo ba, na laɓe a bayan ginshiƙi ina kallo. Daga baya na gane abin da ta gani: mutumin nan ba zai taɓa nuna gazawa a gaban 'ya'yansa mata ba, ko da ransa ake zarewa. Muna ba da baya murmushin ya faɗi daga fuskarsa.

Ta zari tawul ɗaya daga tulin, ta shimfiɗa a hannunta, ta miƙa masa. Baba ya dube ta, ya duba hagu da dama. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan damtsenta ya danna. Ba mintsini, ba suka. Dannawa ce kawai, yana ƙara nauyi, yana ƙarawa, har ya tashi daga zaune ya jingina dukan jikinsa a kai, amma Iya ba ta sauke hannun ba. Ya kawo ɗaya hannun ya zagaye damtsen ya matse kamar mai ɗaure kaya. Daga nan ya ja ɗan yatsa daga wurin ya hau har kafaɗarta, ya ɗauke, ya taɓa muƙamuƙinsa, ya taɓa hannunsa na hagu.

Ban taɓa ganin Iya tana gudu ba sai ran nan. Ta bar tawul a ƙasa, ta ratsa baranda, ta tura ƙofar ɗakin da aka hana ta shiga, ba sallama, ga wani mara lafiya a zaune. Na biyo ta a guje na ji abin da ta faɗa. Kalmomi ne da ba su fi biyar ba: nauyi ne, matsewa ce, tana hawa muƙamuƙi, tana sauka hannun hagu, ga zufa. Likitan nan ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

Aka kwantar da Baba aka liƙa masa wayoyin gwajin zuciya. Ina ganin takardar tana fitowa na gane ciwon zuciya ne, don na san karatunta. Aka ba shi asfirin ya tauna, aka sa masa iska, direba ya kawo mota bakin baranda. A babban asibiti likitan zuciya ya ce da ni, da an kai shi gida ya kwanta yadda aka rubuta, da wuya ya ga la'asar. Ni 'yarsa, mai takardar shaida, mai farar riga, ni na kusa sallamar ubana ya tafi gida ya mutu, don in cika minti huɗu.

Da Baba ya farfaɗo na je wurin shugaba na ce a ba ni takardata. Na gaya masa abin da ya faru, ina magana ina kuka, abin da ban taɓa yi a gaban namiji a wurin aiki ba. Mako na zagayowa 'yar kujerar katako ta koma wurinta. Layi ya koma tafiyar hawainiya, masu zagi suka dawo da zaginsu, na riƙa karɓa da hannu biyu. Amma ban gaya wa Iya ni ce na rubuta ba. Na yi mata godiyar Baba har ta gaji. Na kai mata turmin zane. Shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, tana tsokanata ina ramawa, ta yi mini zaman asibiti da na haihu, abin nan yana nan ban faɗa ba. Sau nawa na buɗe baki sai in ji na ce, "Iya, ya hannun?"

Ranar da ta ajiye aiki aka yi mata ɗan taro a baranda. Aka yi jawabai, mahauci ya zo, magini ya zo, aka ba ta agogon bango. Aka ce in yi magana, na tashi na yi ta zuba yabo, na zauna ban faɗa ba. Sai ranar Asabar na ɗaure na tafi gidanta. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, tsaf-tsaf. Na same ta tana tsince wake a faranti. Ta yi mini shimfiɗa, na ƙi zama a kai, na durƙusa a ƙasa.

"Lafiya, Sista? Ko Malam ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Iya, takardar nan da ta sa aka kai ki ɗakin wanki. Ni na rubuta ta."

Ba ta daina tsintar wakenta ba. Ta cire wata 'yar tsakuwa ta jefar.

"Na sani ai."

Na ɗago kai.

"Wa ke kwashe kwandon ofishinki?" ta ce. "Gida huɗu kika yaga ta farkon. Ban haɗa ba, ba halina ba ne. Amma guntun da ke sama sunana ne a kai, da rubutunki. Tun ranar Alhamis na san Litinin ɗina."

"Kika yi shiru?"

"In ce me? Zagin da kike sha a baranda ina ji. Amma kada in yi miki ƙarya, ya yi mini zafi. Na yi kuka a bayan injin wanki, inda ƙararsa ba za ta bari a ji ba. Ba don kujerar ba. Ina shanya zannuwa ina hango mutane suna fitowa da magani a hannu, na san rabinsu ba a tambaye su ba."

Da ƙyar na ce, "Kin san ni ce, kuma kika ajiye wankinki kika tsuguna gaban Baba? Da an kore ki gaba ɗaya fa, da kika shiga ɗakin nan?"

Sai a lokacin ta ajiye farantin. Ta dube ni da mamaki na gaske, kamar na yi mata tambayar da ba ta da kai.

"Shi ya rubuta?"

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka a rumfar nan ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi in taya ta tsintar wake tunda dai na zo.

Iya, ke ce wadda ba ta taɓa raina ciwon kowa ba, har na gidan wadda ta cuce ki. Na yi karatun jinya shekara uku, na yi kwasa-kwasai ban san iyaka ba, amma abin da ya fi amfani a aikina a wurin mai tsintsiya na gan shi. Na faɗa miki a rumfarki, yau kuma na faɗa a gaban jama'a, don duk wanda ya taɓa jin an ce an kai ki ɗakin wanki ya san ba laifinki ba ne, nawa ne.

Ku kuma 'yan'uwana masu farar riga, da duk wanda Allah ya ajiye tsakanin mai buƙata da mai biya masa ita, ko a kotu kake, ko a ofis, ko a bakin tagar magani, ina roƙonku abu ɗaya. In mutum ya ba ku kalma ɗaya, kada ku karɓa ku wuce da gudu. Ku zauna ƙasa da shi kaɗan, ku kori wanda yake jin kunya, ku sake tambaya. Za a zage ku a layi. Ku haƙura, zagin ba ya kisa, na gwada.

Allah ya ba ki hutu mai daɗi, Iya, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Na gode. Baba ya cika tamanin da ɗaya watan nan, yana can bakin kekensa yana faɗa da zare. Ya ce in gaishe ki.